Masu Gyaran Harsashin Gini da Na Kira a Birnin Kebbi: Abin da Suka Iya da Inda Suka Gaza

Tun da aka ga ana haƙa ƙarƙashin kusurwar gidana, 'yan uwa da abokan kasuwa ke tambayata su wa na kira, nawa suka ci, kuma ko aikin ya yi. Amsa wa kowa shi kaɗai ta gajiyar da ni, shi ya sa na zauna na rubuta gaba ɗaya. Ƙaramin kamfani ne a nan Birnin Kebbi: injiniya ɗaya, yaronsa mai awo, sai birkiloli da leburorin da suke ɗauka idan aiki ya samu. Ba zan kama sunansu ba, domin akwai yabo akwai suka a cikin abin da zan faɗa, kuma ba wanda ya biya ni in yi masa talla. Sun san ƙasa, sun kuma tsayar da tsagewar da bangon gidana ya yi. Amma sai mai haƙuri, mai ɗan abin hannu, zai iya tafiya da su har ƙarshe.

Sana'ata sayen shanshera da sayar da gyararriyar shinkafa. Da kuɗinta na gina gidan, a shekarun da suka biyo bayan 2015, lokacin da Shugaba Buhari ya zo garin nan ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers, kasuwa ta buɗe, kowa ya samu na sayen bulo. Fulotin yana gefen gari, daidai inda tudu ya fara gangarawa fadama. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991 garin ke ta faɗaɗa, filayen tudu suka fi ƙarfin irinmu, muka gangara inda kakanninmu ba su yarda su kafa komai ba sai bukkar gona. Ɗaki huɗu ne da falo, bulo inci tara a waje, inci shida a ciki, rufin kwano, ba bene.

A ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa a jihar nan, ruwa bai shigo mana gida ba, amma ƙasar unguwar ta sha ta ƙoshi, ko'ina ka taka sai ta lotsa. Bayan nan aka yi wata shekara da ruwa ya makara da sauka kuma ya ɗauke da wuri. Hunturu ya bi, bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40. A wannan ranin ne bangon ɗakin uwargida ya tsage. Tsagar ta tashi daga kusurwar taga, ta bi layin bulo hawa-hawa a karkace har ƙarƙashin silin, sama ta fi faɗi, ƙasa siririya. Ƙofar ɗakin ta daina rufuwa sai an sa kafaɗa. Tayil biyu suka ɗago a bakin bango. Da damina ta kankama, ƙofa ta koma daidai da kanta, tsaga ta matse har ka ce ƙarya muke yi. Birkilan unguwa ya zo ya cike ta da siminti ya shafe, aka yi fenti. Rani na dawowa ta sake buɗewa a gefen facin.

Kowa da fassararsa. Wani ya ce simintin ne maras kyau, wani ya ce an yi rowar rodi, wani maƙwabcina kuma ya ja ni gefe ya ce in nemi a yi wa gidan addu'a don filin da tsohuwar hanyar iskoki ce. Addu'a dai mun yi, ba ta ɓaci. Wani abokina mai injin casa a Jega, wanda sito ya taɓa tsage masa, shi ya haɗa ni da waɗannan mutane.

Abin da ya fara burge ni da injiniyan shi ne bai doshi tsagar ba. Yaro ne, bai kai sa'ar ƙanena ba. Ya gaishe ni, ya nemi izini a sanar da mata, sannan ya kewaye gidan ta waje yana tambaya. Ina ruwan kwano ke zuba da damina? Ina ake wanke-wanke da wanki, ina ruwan ke bi? Ina ramin sokawe yake? Wannan dogonyaron da ke kusa da kusurwa, shuka shi aka yi ko tarar da shi aka yi? Sai da ya gama duk wannan ya shiga ɗaki. Shi da yaronsa suka ɗauko siririn tiyo mai ruwa a ciki, irin wanda birkiloli ke daidaita gini da shi, suka bi bango-bango suna sa alama da alli. Kusurwar da ke wajen bishiyar ta sauka ƙasa da tsakiyar gida da abin da ya kai faɗin yatsa biyu. Ya auna bakin tsagar da rula, ya samu milimita 12 a sama. Ya ce akwai ma'aunin da masu binciken gini na Ingila suka tsara: abin da bai kai milimita 5 ba yawanci aikin filasta ne, daga 5 zuwa 15 sai an taɓa ginin kansa, in ya wuce 25 kuwa magana ta zama ta tsaron rai. Tawa tana tsakiya.

Da muka fito ya ce, "Alhaji, gininka ba shi da laihi sosai. Wagga ƙasa ita ka motsi."

Ban yarda nan take ba, shi ma bai nemi in yarda da baki ba. Ya sa aka haƙa rami biyu a jikin bango, ɗaya a kusurwar da ta tsage, ɗaya a ɗaya gefen gidan, wajen da mata ke wanke-wanke. Nan na ga harsashin gidana da idona karon farko tun da aka binne shi. Zurfinsa bai wuce ƙafa biyu ba. A ƙarƙashinsa baƙar laka ce. A ramin kusurwa ta bushe ƙamas, diga na tartsatsi a kanta, ta dare gida-gida, ga siraran saiwoyin dogonyaro sun kutsa cikin darewar har ƙarƙashin kankare. A wani wuri ma yaron ya tura tafin hannunsa tsakanin kankaren da ƙasar, ya shige. Wato wannan ɓangaren na gidan a rataye yake, ba abin da ke riƙe da shi sai ƙarfin bulon da ke gefensa. A ɗaya ramin kuwa, laka iri ɗaya, zurfi ɗaya, amma da laushi har tana manne wa shebur. Injiniya ya gutsuro ta, ya murza a tafin hannu ta zama dogon zare siriri bai katse ba. Ya ce ƙasar da ta yi haka tana da danƙo mai yawa, kuma mai danƙo ita ce mai kumbura da motsewa.

Bayanin da ya yi mini a bakin ramin nan shi ne rabin abin da na biya, kuma shi ya fi yi mini amfani. Ya ce in tuna ƙanzon tuwo: in ya bushe ya ƙanƙance ya dare, in an jiƙa shi ya kumbura. Ba kowane yumɓu ke haka ba. Farar ƙasa ba ta cika motsi ba, jigawa mai yashi kuwa ruwa wucewa yake yi ya bar ta yadda take. Amma baƙar lakar fadama tana tsotse ruwa cikin ƙwayoyinta ta buɗe, in ruwan ya fita ta koma ta matse. Ya ce 'yar uwarta ce ke lalata tituna da gidaje a wajen Numan da Gombe da bakin Tafkin Chadi, wadda injiniyoyi ke kira baƙar ƙasar auduga. Wannan ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya taɓa shiga fadamar Argungu ko ta nan bayan gari a watan Maris, inda ƙasa ke darewa har ƙafar akuya ta faɗa. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne hakan na faruwa ƙarƙashin gadona.

Ya ci gaba da cewa da a ce ƙasar gidan duka tana bushewa tare tana jiƙa tare, gida zai sauka ya tashi gaba ɗaya, ba wanda zai sani. Matsalar ita ce bambanci. Tsakiyar gida rana ba ta kai mata, daɓen siminti ya rufe ta, damshinta na nan shekara da shekaru. Gefe-gefe kuwa rana da iskar hunturu na cinsu wata bakwai ko fiye. A ranin da aka saba, bushewar na sauka zuwa wani zurfi ta tsaya. A shekarar fari tana zarcewa ƙasa, bishiya kuma in ta rasa ruwa a fili sai ta aika saiwoyinta inda damshi ya rage, wato ƙarƙashin ɗaki. A nawa gidan an haɗa duka: gefe ɗaya ga dogonyaro ga ranar yamma, ɗaya gefen ga ruwan wanke-wanke da sokawe suna jiƙa ƙasa rani da damina. Gefe na sauka, gefe na tsaye. Bulo da siminti kuwa ba su san lanƙwasa ba, sai karyewa, kuma suna karyewa ne ta inda suka fi rauni, bakin taga da bakin ƙofa.

Ya ɗebi ƙasar ramukan biyu a leda, ya rubuta zurfin kowace, aka kai ɗakin gwaji. Kafin sakamako ya fito ya yi mini wani ɗan gwaji a gabana: ya daka busasshiyar lakar, ya zuba a kwalba mai layukan awo, ya cika da ruwa, ya ce a bar ta ta kwana. Washegari ta haura layin da ya sa mata sosai. Yashin da ya zuba a wata kwalbar bai motsa ba. Uwargida, wadda tun farko take ganin ɓarnar kuɗi ce, kwalaben nan biyu ne suka sa ta yi shiru.

Daga nan muka shiga abin da ya kusa raba mu. Ya ƙi fara aiki. Ya kawo 'yan guntayen gilashi ya manna su a kan tsagar da siminti, gefe da gefe, ya ja layi da biro a wasu wuraren ya rubuta kwanan wata, ya ce a bar gidan haka har damina ta wuce rani ya sake shiga, yaronsa zai riƙa zuwa yana aunawa. Ni kuwa ga kuɗi a hannu, ga wani ɗan kwangila da ya ce in ba shi mako biyu ya kafa mini fila, wato ginshiƙin kankare, a kusurwa a wuce wurin. Na ce masa, "Injiniya, likita ne ke cewa maras lafiya ya koma gida sai baɗi?" Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, in ban san ciwon ba, kuɗinka za ni binnewa." Hujjarsa ita ce: in tsagar na matsewa da damina tana buɗewa da rani, to laka ce ke wasa da ruwa, maganinta daban. In kuwa buɗewa kawai take yi ba komawa, to ko ciko ne ke lotsewa, ko bututu ne ya fashe yana zaizaye ƙasa, ko an yi gini kan tsohuwar rijiya ko shadda, wannan ma maganinsa daban, kuma ba a jira da shi. Ya tabbatar mini ɗakin ba zai faɗo ba a yadda yake, amma ya ce in gilashi ya fashe tsaga ta ƙaru farat ɗaya, a fitar da mutane a kira shi ko da tsakar dare ne.

Awon ya nuna abin da ya yi zato. A Agusta ta matse ta koma kusan rabi, a Fabrairu ta buɗe. Yanzu da na huce, ina ganin wannan jiran shi ne mafi darajar abin da kamfanin ke sayarwa, kuma shi ne abin da zai kori yawancin masu kiransu. Mutumin da bangonsa ya tsage so yake ya ga tifa ta sauke yashi gobe.

A cikin hirar jiran ne ya ba ni labarin cewa ba mu kaɗai ba ne. A Ingila, farin da aka yi a 1976 ya tsattsaga ɗimbin gidajen da ke kan yumɓu a Landan da kewaye, kamfanonin inshora suka sha biya. A Faransa abin ya yi yawa har aka yi doka a 2018 cewa a yankunan da aka san da irin wannan ƙasa, sai an yi awon ƙasa kafin a sayar da filin gini. A jihar Texas ta Amurka kuwa mutane na shimfiɗa tiyo kewaye da gida suna ba harsashi ruwa kaɗan-kaɗan da rani don kada ƙasar ta motse. Wannan ta ƙarshen ta ba ni dariya. A unguwar da muke sayen ruwa jarka-jarka wajen 'yan ga-ruwa, in aka gan ni ina shayar da bango a watan Afrilu, sai a kira dangi. Shi ma bai ba ni wannan shawarar ba, ya ce wanda ke da rijiyar burtsatse ma in bai iya ba sai ya jiƙa gefe ɗaya ya ƙara ɓata lamarin.

Aikin kansa da rani aka yi shi. A kusurwar da ta sauka sun ƙara wa harsashin zurfi ta ƙarƙashi, kuma yadda suka yi ya nuna sun san abin da suke yi. Ba su yaye ƙasar gaba ɗaya ba. Sun raba tsawon bangon gida-gida, kowane kimanin mita ɗaya, su haƙa wannan su tsallake na kusa da shi, su sauka kusan mita biyu har inda lakar ke da damshinta na dindindin, su zuba kankare, su bar shi ya kama, su cusa busasshen kwaɓi mai ƙarfi a ɗan ratar da ta rage tsakanin sabon kankare da tsohon harsashi, sannan su koma kan waɗanda aka tsallake. Kwaɓin kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, kuma da kwano ake aunawa ba da ido ba. Simintin BUA na Kalambaina da ke Sakkwato muka yi amfani da shi, don shi ya fi kusa da mu, injiniya kuma ya mayar da 'yan buhunan da suka fara dunƙulewa saboda daɗewa a shago. Ya sa ana shayar da kankaren mako guda cur, ya ce ƙarfinsa na cika ne a kwana 28. Babban birkilansu dattijo ne ɗan wajen Gwandu, ba ya yawan magana, amma na ga ya sa an fasa wani ɓangaren kankare da aka zuba don ya ga ƙasa ta zubo ta gauraya da kwaɓin. Shi kaɗai ya isa a ba kamfanin maki.

Sauran aikin duk na sarrafa ruwa ne. An yi daɓen kankare mai faɗin mita ɗaya da rabi kewaye da gidan, ya ɗan karkata waje, don ruwan sama kada ya kwanta a gindin bango, rana kuma kada ta busar da gefen. An sa wa kwano mazurarin ruwa da bututun da ke kai shi kwata. An ɗauke wurin wanke-wanke, an haƙa sabon sokawe nesa da ɗakuna. Sai da duk wannan ya zauna sannan suka taɓa tsagar: suka tsaga layin bulo a kwance, suka kwantar da guntayen rodi suka ɗinke ta, suka sa waya mai raga kafin filasta.

Maganar dogonyaro ta fi kowace jan hankalin unguwa, don a ƙarƙashinsa ake majalisa bayan la'asar, kuma na tarar da shi a filin, ya girme gidan nesa ba kusa ba. Kowa ya ɗauka za a ce a sare. Ni ma har na yi magana da mai injin yanka. Injiniya ya hana. Ya ce itacen da ya shekara da shekaru yana shanye ruwan wuri, in ka kashe shi dare ɗaya, ƙasar za ta riƙa tara ruwa tana kumbura a hankali, shekaru tana yi, ta ɗaga kusurwar sama, kumburi kuwa ya fi sauka wuyar magani. Abin da aka yi shi ne rage masa rassa, za a kuma riƙa ragewa duk shekara, sannan aka haƙa siririn rami mai zurfi tsakaninsa da gida, aka datse saiwoyin da suka nufo ɗaki, aka zuba katangar kankare a ciki. Ga mai sabon gini, ya ce ƙa'ida mai sauƙi ita ce a irin wannan ƙasa kada a shuka itace kusa da bango fiye da tsawon da zai yi in ya girma, musamman dogonyaro da turare, masu shan ruwa. 'Yan majalisa sun rasa rabin inuwarsu, har yau suna yi mini ciwon baki.

To, ga inda suka gaza, kuma ba ƙananan abubuwa ba ne.

Rahoton da suka ba ni da Turanci yake, cike da jadawali da lambobi. Na biya kuɗi an ba ni takardar da sai ɗana ya dawo daga makaranta ya karanta mini, shi ma rabi ya gane. Mutumin da ya iya yi mini bayani da ƙanzo a bakin rami ba zai kasa rubuta shafi ɗaya da Hausa ba. Na faɗa masa, ya ce zai yi, har yau.

Sannan injiniyan shi kaɗai ne, aiki kuma ya yi masa yawa. Akwai ranakun da rami ke buɗe ƙarƙashin bangona, shi yana Yauri ko Sakkwato, waya ba ta shiga. Ba don dattijon birkilan nan ba da hankalina bai kwanta ba. Leburorin da suka ɗauko kuwa ba a koya musu shiga gidan mutane ba. Gidana gidan kulle ne. Sai da na tsaya da kaina na kafa doka cewa ba mai wuce zaure sai an yi sallama an jira, kuma na sa aka kafa zana ta raba wurin aiki da tsakar gida. Wannan abu ne da ya kamata kamfanin da ke aiki a garin nan ya tanada tun kafin a tambaye shi. Sun fasa mini bututun ruwa da diga, sun gyara amma sai da na yi magana. Tulin lakar da suka fitar sun jibge ta a bakin kwatar maƙwabcina, ni na biya mai kura ya kwashe, ni na ba da haƙuri.

Kuɗi ma akwai magana. Dubawa da haƙa ramukan gwaji da awon ƙasa da zuwan yaron yana aunawa, duka sun tashi kimanin kuɗin buhun siminti goma sha biyar, kuma wannan ban yi ƙorafi a kai ba. Babban aikin kuwa ya ci abin da zai gina mini ƙarin ɗaki ɗaya har rufi. Ƙiyasin farko da suka ba ni bai tsaya ba, don a tsakanin jiran ne siminti ya yi tashin da ya yi a farkon 2024, buhu ya haura naira dubu 10. Ba su suka tayar da farashi ba, amma tun da su suka ce a jira, ya kamata su faɗa mini in sayi rodi in ajiye, su kuma rubuta a takarda wane ɓangare na ƙiyasin ne zai iya canzawa. Garanti kuma na baki ne. Na nemi a rubuta, ya ce ba zai sa hannu kan abin da ke hannun Allah da damina ba, sai dai in wani abu ya taso zai zo ya duba kyauta. Na fahimci uzurinsa, amma ko ingancin kankaren da suka zuba ai suna iya lamuncewa a rubuce. Abin da na yaba shi ne da na tambayi rajistarsa da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a ƙasar nan, bai ɓata rai ba, ya nuna mini lambarsa da hatiminsa. Duk wanda zai bari a haƙa ƙarƙashin ɗakin da 'ya'yansa ke kwana, ya tambayi wannan.

Tun da aka gama, rani ya wuce, damina ta wuce. Sabon gilashin da ya manna a kan ɗinkin bai fashe ba, ƙofa na rufuwa da yatsa ɗaya. Kusurwar ba ta koma inda take da ba, in ka zuba ruwa a ɗakin har yanzu can yake gangarawa, kuma ya faɗa mini haka tun kafin a fara: tsayar da ita za su yi, ba ɗaga ta ba. Shekarar da ta wuce ruwa ya wadata, saboda haka aikin bai gamu da fari irin wanda ya jawo matsalar ba tukuna. Wannan jarrabawar tana gaba.

Ba kowa ke buƙatarsu ba. In gidanka na kan jigawa, tsagar kuma siririya ce a fatar filasta, ta bazu ko'ina ba ta bin layin bulo, birkilan unguwa ya ishe ka. Mai ginin ƙasa ma lissafinsa daban. Gidan mahaifina na cikin gari da tubalin ƙasa aka yi shi, yana tsagewa shi ma, amma duk shekara kafin ruwa ya sauka ana bin sa da yaɓe, ƙasa ta koma cikin 'yar uwarta. Mun bar wannan mun koma bulo da tunanin an huta da gyara, ba mu canza yadda muke haƙa harsashi ba. Birkila ɗaya, zurfi ɗaya, ko a tudu ko a fadama. Abin na ba ni mamaki: ga Kwalejin Waziri Umaru a cikin gari tana yaye masu karatun gini, ga jami'a a Aliero, amma a duk layinmu ban san gidan da aka haƙa ramin gwaji kafin a zuba harsashinsa ba.

Waɗanda suka fi cin ribar irin wannan kamfani su ne waɗanda ba su fara gini ba. Ƙanena ya sayi fili kusa da nawa, na tura shi wurinsu. Da kuɗin da bai kai na ƙofofin gidan ba suka auna masa ƙasa, suka ce ya sauka da harsashi ƙasa da inda laka ke motsi, ya kwashe baƙar ƙasar da ke ƙarƙashin daɓe ya cike da burji a daddaɓe shi hawa-hawa, ya ɗaure ginin da kankare mai rodi a ƙasa da kuma saman tagogi kewaye, ya kai sokawe can ƙarshen fili. Birkilansa ya yi ta gunaguni wai ana binne kuɗi a inda ba mai gani.

Wanda bangonsa ya riga ya tsage, ya kira su a Maris ko Afrilu, lokacin da tsagar ta buɗe iyakar buɗewarta, ba a Agusta ba da za su zo su tarar da ita a rufe. Kafin su zo ya ja layi a kanta ya rubuta kwanan wata, ya ɗauki hoto da rula a jiki, zai rage wa kansa jira. Ya kuma sa a rubuta masa ranakun da injiniya da kansa zai kasance a wurin, da wanda zai kwashe ƙasa.

Katangar gidana ta waje ba ta cikin wannan kwangilar, ita ma ta tsage a wuri biyu ta ɗan kwanta wajen titi. Injiniya ya ce ba ta cancanci a ƙara mata harsashi ba, a rushe wannan ɓangaren a sake shi da rata tsakanin kowane 'yan mitoci don ta samu wurin motsi. Kuɗin da ya faɗa ya yi mini yawa, na ce ya rage, ya ce sai dai in kawo bulo da yashi da kaina. A nan muka tsaya, sai bayan an girbe shinkafar rani.